Yawan Jama'a da Arzikin Ƙasa: Misali daga Karkarar Kano

Sau da yawa akan ce ƙaruwar jama'a ita ke gajiyar da ƙasa. Karkarar Kano, watau ƙauyukan da suka kewaye birnin, ta isa a gwada wannan magana da ita, gama tun zamanin da mutane suka yi yawa a nan har gona ta haɗu da gona, aka daina barin saura.

Binciken da Michael Mortimore ya fara cikin shekarun 1960 ya nuna ƙasar ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne yawan hannuwa. A wancan lokaci, da rani jakuna sukan kai itace birni, su komo da taki. Manomi yakan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, ya adana harawa domin awaki da tumaki, sa'an nan kashinsu ya koma gona.

Amma fa abin yana da iyaka. Kowane rabon gado yakan ƙara tsuke gona, har ta kasa ciyar da gida, samari su nufi birni. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, alhali kuwa masana'antun Bompai da Sharada sun soma durƙushewa tun cikin shekarun 1980. Ashe yawan jama'a yakan zama arziki ne muddin akwai aikin da hannu zai kama. Saboda haka lalle mai tsara raya ƙasa ya auna adadin mutane tare da gonaki da makarantu da wuraren sana'a.