Abin da Tsangaya Ta Riga Aji Ganewa

Duk wanda ya yi karatun malanta, a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko wata, ya haddace sunayen nan: Pavlov, Skinner, Piaget, Vygotsky. Ana rubuta su a jarrabawa a ci. Amma idan aka tura sabon malami firamare a gari irin Yalwan Damai, ya tarar da aji maƙil da yara, sau da yawa sai ya ɗauki alli ya ce "ku maimaita", sunayen kuwa su kwanta a akwati tare da takardar shaida. A ganina asara ce, domin mutanen nan magana suke a kan yaron da ke gabansa.

A ɗauki bulala. Skinner, Ba'amurke, ya yi gwaji da ɓeraye da tantabaru, ya ga cewa halin da aka saka wa da alheri nan take yakan dawo, horo kuwa danne hali yake yi na ɗan lokaci, ba ya nuna daidai. Pavlov na Rasha ya riga ya nuna yadda kare ke dalalar da miyau da jin sautin da ya saba zuwa tare da abinci. Yaron da ake tsula wa bulala kullum a darasin lissafi, lissafin ne zai riƙa faɗar masa da gaba, ko babu bulalar. Ajin zai yi tsit, amma ba mai ɗaga hannu.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne makarantar allo. A 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya bayyana cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule zama ɗaya. Alaramman da ke sa almajirai tilawa da asuba da dare, yana komar da su baya kafin ƙari, bai taɓa jin sunansa ba. Vygotsky kuma, wanda ya rasu a 1934 yana da shekara 37, cewa ya yi koyo na faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in wanda ya fi shi ya kama masa. To, dubi tsangaya: kowa da allonsa, wannan yana babbaƙu, wancan farfaru, wani ya yi nisa a izu. Gardi yana biya wa kolo. Ba a wanke allo sai yaro ya kawo shi gaban malam shi kaɗai. A firamare kuwa zangon karatu ke jan aji gaba ɗaya, wanda ya gane da wanda bai gane ba, kuma a cikin amshi na taro ɗan da ke motsa leɓe kawai ba ya tonuwa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna ne da dabara irin ta tsangaya: a gwada kowane yaro, a raba su gwargwadon iyawa, ba gwargwadon aji ba.

Sai dai hadda tana da iyaka. Ta dace da nassin da ake so ya zauna harafi da harafi, ba ta isa lissafi ko kimiyya ba. Piaget na Suwizalan ya juye ruwa daga faffaɗan kofi zuwa siriri dogo a gaban yara. Waɗanda ba su kai kimanin shekara 7 ba suka ce ruwan ya ƙaru. Ƙaramin yaro da ido da hannu yake tunani, don haka tsakuwa da ƙwayar gyaɗa da murfin kwalba sun fi rera jadawali amfani a aji ɗaya.

Masu bincike a birnin Recife na Brazil sun ruwaito a 1985 cewa yara 'yan talla kan yi lissafin ciniki daidai da ka, su faɗi irinsa a takarda. Yarinyar da ke tallan ƙuli a kasuwar Birnin Kudu ba ta kuskuren canji. Malamin da ya tambaye ta canjin mai naira 500 da ya sayi na 350, kafin ya rubuta alamar ɗebewa a allo, zai ji amsa tun bai rufe baki ba.