GWAJIN ƘWAN HAIHUWA: ME YAKE NUNAWA, ME BA YA NUNAWA?



Macen da ta je asibiti neman haihuwa, musamman in za a yi mata IVF, likita kan fara da gwaji biyu. Na farko na jini ne: sinadarin AMH, wanda ake ɗauka kowace rana, da FSH da ake aunawa rana ta 2 zuwa ta 4 da fara al'ada. Na biyu sikanin, inda ake ƙirga 'yan buhunan ƙwai masu girman milimita 2 zuwa 10 a ma'ajiyar ƙwai.

In AMH ya gaza 1, ko buhunan ba su kai 5 zuwa 7 ba, ana sa ran ƙwai kaɗan za a samu bayan allurai. In ya yi yawa sosai, kamar na masu PCOS, likita kan rage allurar don kada ma'ajiyar ta kumbura.

Amma fa a lura, yawan ƙwai gwajin yake nunawa, ba ingancinsu ba. Inganci da shekaru yake tafiya, yana raguwa sosai bayan 35. 'Yar shekara 28 mai ƙarancin AMH ta fi 'yar 42 mai yawansa damar samun ciki. Don Allah kar takarda ɗaya ta sa dangi su fara kiran baiwar Allah juya.

Maigida, kai ma a auna maniyyinka kafin a zuba kuɗi. Malamai sun halatta IVF in dai ƙwan matar ne da maniyyin mijinta, kuma igiyar aure na nan.