Matatar jijiyar jini mai narkewa

Matatar jijiyar jini mai narkewa wata 'yar ƙaramar na'ura ce da likitoci ke sakawa a cikin babbar jijiyar ciki, wato jijiyar da ke kwaso jini daga ƙafafu da ƙugu ta mayar da shi zuciya. Aikinta shi ne tare gudan jini kafin ya isa huhu. Bambancinta da matatun ƙarfe shi ne ba sai an sake yi wa majiyyaci aiki an cire ta ba, domin takan narke da kanta bayan lokacin haɗari ya wuce. Nau'in da ke narkewa gaba ɗaya ya kai matakin gwaji a jikin mutane, amma bai zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba.

Ciwon da ake neman karewa

Jini yakan daskare a jijiyoyin da ke can cikin naman ƙafa ko cinya. Idan gudan ya ɓalle, sai ya bi jini ya ratsa ɓangaren dama na zuciya ya je ya toshe jijiyar huhu. Alamominsa sun haɗa da sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, da tari mai jini. Babban guda yana iya kashe mutum cikin mintoci.

Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne masu doguwar jinya a kwance, waɗanda suka karye a cinya ko ƙugu, waɗanda aka yi wa babbar tiyata, masu ciwon daji, masu sikila, da masu juna biyu. Ga mai jego, haɗarin ya fi yawa a makonni 6 na farko bayan haihuwa, wanda ya yi daidai da kwanakin arba'in.

Maganin farko shi ne magungunan hana daskarewar jini, irin su hefarin da wafarin. Ana komawa ga matata ne idan ba zai yiwu a ba majiyyaci waɗannan magunguna ba, misali yana zubar da jini ko an yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, ko kuma an ba shi amma gudan ya sake zuwa huhu.

Tarihi

A shekarar 1967 likita Kazi Mobin-Uddin ya ƙirƙiro matata mai siffar laima a Amurka. A 1973 aka fito da matatar Greenfield, wadda likita Lazar Greenfield ya ƙera tare da injiniyan man fetur Garman Kimmell. Siffarta ta mazurari ce, gudan jini yana taruwa a tsakiya, jini kuma yana wucewa ta gefe. Waɗannan matatu na dindindin ne.

A 1998 aka wallafa binciken PREPIC da aka yi a Faransa kan majiyyata 400. Ya nuna cewa matata tana rage toshewar huhu a kwanakin farko, amma bayan shekara 2 masu matatar sun fi sake samun daskarewar jini a ƙafa, kuma yawan mace-mace bai bambanta ba. Wannan ya ƙarfafa neman matatar wucin gadi, inda a 2003 aka fara amincewa da matatun da ake iya cirewa a Amurka.

Sai dai majiyyata da yawa ba sa komawa a cire musu. A 2010 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ta karɓi rahotanni 921 na matsaloli tun daga 2005, ciki har da karyewar ƙafafun matata, huda bangon jijiya, da gusawar matatar daga inda aka ajiye ta. A 2014 hukumar ta nuna cewa idan haɗari ya wuce, lokacin da ya fi dacewa a cire shi ne tsakanin kwana 29 da 54 bayan sakawa.

Yadda take aiki

Ana naɗe matatar a cikin wani siririn bututu, a zura shi ta jijiyar wuya ko ta tushen cinya, ana duba hanyarsa da na'urar hoto. Galibi ana sakin ta ne a ƙasa kaɗan da inda jijiyoyin ƙoda suka haɗu da babbar jijiyar. Matata ba ta narkar da gudan jini, kuma ba ta hana wani sabo samuwa. Riƙe shi kawai take yi har jiki ya narkar da shi da kansa.

Nau'o'i

Akwai hanyoyi biyu da aka bi. Ta farko ita ce matata mai narkewa gaba ɗaya, wadda ake saƙawa da polidayoksanon, sinadarin da ake yin zaren ɗinkin tiyata da shi tun farkon shekarun 1980. Ruwan jiki ne ke karya shi a hankali har ya ɓace cikin watanni. Kamfanin Adient Medical da ke jihar Texas ya gwada irinta a jikin aladu tare da masu bincike na cibiyar ciwon daji ta MD Anderson, kuma a 2020 aka wallafa sakamakon gwajin farko a jikin mutum 8. An tsara ta ne ta ba da kariya ta aƙalla makonni 5.

Ta biyu ita ce matata mai buɗewa, kamar Sentry, wadda kamfanin Novate Medical ya ƙera kuma FDA ta amince da ita a 2017. Jikinta na ƙarfen nitinol ne, sai wani zare mai narkewa da ya ɗaure hannuwanta a tsakiya. Bayan kimanin kwana 60 zaren ya narke, hannuwan su koma jikin bangon jijiya, hanya ta buɗe. Ƙarfen dai yana nan a jiki har abada.

Ƙalubale

Babbar matsalar ita ce daidaita lokaci. Idan matata ta narke da wuri, majiyyaci ya rasa kariya, idan kuma ta daɗe, an koma matsalar matatun ƙarfe. Dole ne kuma gutsattsarinta kada su ɓalle su tafi huhu. Haka nan polidayoksanon ba ya fitowa a hoton eksire, shi ya sa masu bincike suka gwada cusa masa ƙananan ƙwayoyin zinare domin likita ya iya ganin inda matatar take.

Muhimmancinta ga yankunan karkara

Amfanin irin wannan matata ya fi fitowa fili a inda komawa asibiti ke da wuya. Majiyyaci daga Kaura Namoda, Zurmi ko Shinkafi a arewacin jihar Zamfara da ke buƙatar kulawar ƙwararru akan tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sokoto. Daga Shinkafi zuwa Gusau ya haura kilomita 100, ga kuɗin mota, ga matsalar tsaro a hanya. Matatar da ba ta buƙatar cirewa za ta rage tafiya ta biyu da kuɗin aiki na biyu, ko da yake saka ta ma sai da ƙwararren likita da ɗakin aiki mai na'urar hoto.

Saboda haka abin da ya fi ceton rai a irin waɗannan wurare shi ne rigakafi da saurin ganewa: tayar da majiyyaci ya riƙa takawa da wuri bayan tiyata ko haihuwa, ba da maganin hana daskarewa ga wanda likita ya ga ya dace, da garzayawa asibiti idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe ba tare da dalili ba.