Damargu: yadda ake shirya ƙaramar mota kafin a sauka daga kwalta

Daga Damagaram zuwa Tanut, tafiyar kusan kilomita 150 ce bisa hanyar ƙasa mai lamba 11 wadda ta nufi Agadas. Amma ɗan kasuwar da zai shiga ƙauyuka sayen gero ko bisashe, da ma'aikacin da aka tura Belbeji, wadda ta zama gunduma a shekarar 2011, tilas wata rana su bar kwalta su kama hanyar rairayi. Nan ne ƙaramar mota take gane kurenta.

Matsalar ba ta wuce tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa ba. Land Cruiser tana da fiye da santimita 20, alhali galibin ƙananan motoci ba su wuce 15 ba, kuma kaya na ƙara rage ta. Manyan motoci sukan haƙa kwari biyu, su bar tudu a tsakiya. Idan tudun ya ɓoye dutse ko kututture, tukunyar man inji ce ke fashewa. Mai ya tsiyaye, cikin ƴan mintoci inji ya ƙone. Asarar na iya lashe albashin watanni.

Saboda haka matakin farko a gareji yake. A sa maƙeri ya ɗaura farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ƙarƙashin inji, da ƙusoshi masu kwancewa, a bar kafar juye baƙin mai. A duba sifirin, domin wanda ya gaji yana kwantar da mota. A ɗaure bututun hayaƙi sosai. A zaɓi tayoyi masu tsawon gefe, a riƙe safaya biyu, don ƙayar aduwa ba ta da tausayi. Matatar iska kuwa, a kakkaɓe ta bayan kowace tafiya.

Guzurin mota shi ne shebur, famfon iska, igiya mai ƙarfi, katakai biyu, jarkar mai, da ruwa aƙalla lita 20. Sauran kaya a rage, mai nauyi a ajiye shi tsakiya.

In an iso rairayi mai laushi, a rage iskar taya daga kilo 2 zuwa kamar 1,5, domin ta ƙara faɗi. A mayar da iskar da zarar ƙasa ta yi tauri, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. A ɗora ƙafafun mota bisa tudu, kada a bi kwarin manyan motoci. Giya ta biyu, ba tsayawa, ba taka birki da ƙarfi. Idan ta kafe, a daina ba ta wuta: a haƙa, a shimfiɗa katako. Sammako ya fi, lokacin da rairayi ke da sanyi da ƙarfi. Kada a tsaya bisa busasshiyar ciyawa, bututun hayaƙi na iya tada gobara.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, kwarin Tarka da ƙoramu sukan ɗauki ruwa. Mai hankali yakan jira su janye. Kuma kafin tashi, a shaida wa ƴan'uwa hanyar da za a bi da lokacin isa.

Akwai hanyoyin da duk wannan shiri ba ya isa. A nan, gara a ajiye mota a Tanut a shiga ta kasuwa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.