Horry ko Rose: wa ya fi cancantar hutar da Duncan?

A ƙwallon kwando, ɗan gaba mai lamba 4 yana cikin masu gogayya a gindin kwando. A San Antonio Spurs ta Amurka, a da gurbin na Tim Duncan ne, amma daga 2003 zuwa 2005 akwai mutum biyu a benci masu jiran ya gaji: Malik Rose da Robert Horry.

Rose gajere ne a wannan gurbi, mita 2.01 kawai, sai dai akwai ƙirji da naci wajen cafke ƙwallon da ta ƙi shiga. Da shi aka ci kofin NBA a 1999 da 2003.

Horry, mai mita 2.08, ya zo da kofuna biyar daga Houston da Lakers. Makaminsa jifan maki uku. Idan ya tsaya daga nesa, dole mai tsaronsa ya bi shi, Duncan kuma, in suna fili tare, ya sami sarari a ciki. Wannan, a ganina, shi ya raba gardama.

A Fabrairun 2005 aka musanya Rose zuwa New York Knicks. A shekarar kuma, a wasa na biyar na zagayen ƙarshe na NBA da Detroit, Horry ya ci maki 21, har da jifan da ya kashe wasan a ƙarin lokaci.