Yini Guda a Zanzibar: Wa Zai Yi Maka Jagora?

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ba ya daɗewa a Zanzibar. Yakan iso da safe, ya tashi da yamma. Shi ya sa nake ce wa matafiyi ya zaɓi wuri ɗaya ko biyu, ya more su.

Kamfanin jirgi na sayar da nasa zagayen da tsada, amma in motarsu ta makara, jirgi zai jira. Ɗan jagoran gari ya fi araha, ya kuma san lungunan Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Shi zai tsayar da kai gaban ƙofar katako mai ƙusoshin tagulla, ya kai ka gonar kanumfari ka murza ganye ka shinshina. Sai dai in kun makara, jirgi ba ruwansa.

Ni kam ba na biyan ɗan jagora sai na ga katin izininsa, mun yanke farashi har da kuɗin kwalekwale. In tsibirin Changuu za a je ganin manyan kunkuru, tafiyar kusan rabin awa ce, a tabbatar akwai rigar ceto. A dawo tasha da sauran awa biyu jirgi ya tashi.