Toka a Cikin Kankare: Ƙarfin da Ba Ya Zuwa da Wuri

A karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa ya kafu tun 1498, laso ne ya riƙe tsofaffin rijiyoyin rini tun kafin a san siminti a Kano. Idan ruwan baba ya mutu, sai a kwashe abin da ya kwanta a gindin rijiya, a cura, a shanya, a ƙona, a daka ya zama katsi. A kwaɓa shi da gashin jima da ruwan dafara, a yaɓe rijiya, ta riƙe ruwa shekara da shekaru.

Injiniyoyin zamani kuwa tokar kwal suke nema, mai laushin nan da ake tarewa daga hayaƙin tashoshin lantarki. Akan rage kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na siminti, a cike gurbin da ita. Idan siminti ya sha ruwa, yakan saki wani sinadari ɗan'uwan farar ƙasa wanda ba ya ƙara wa kankare ƙarfin kirki. Silikar da ke cikin tokar ce ke kama shi sannu a hankali, ta mai da shi danƙo, ta toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya kai ga rodi. Shi ya sa irin wannan kankare yake baya a gwajin kwana 7, sau da yawa har a na kwana 28, amma zuwa kwana 90 yakan kamo na zallan siminti, wani lokaci ya wuce shi. Kuma ba ya ɗaukar zafi sosai, dalilin da ya sa aka zuba tokar a kankaren madatsar Hungry Horse ta Amurka, wadda aka kammala a 1953.

Sai dai toka ba ta shiri da gaggawa. Maginin da zai cire katako da wuri, ya yi ban-ruwan kwana biyu cikin hunturu ya ce ya gama, gara ya tsaya ga simintinsa. Toka asara za ta ja masa.

Tashar kwal ma ba ta kusa da mu. Abin da Kano take da shi tuli shi ne buntun shinkafa, kamar wanda ake jibgewa a Kura. Tokarsa cike take da silika, amma sai an ƙona shi a ma'aunin zafi 500 zuwa 700, an niƙa tokar liƙis. Tokar murhu ba ta cikin wannan lissafi.